Motar Da Muka Toshe Wa Numfashi

Ku 'yan yanzu kuna ganin kanikanci abu ne mai sauƙi, saboda kuna da na'urar da za ku soka a ƙarƙashin sitiyari ta gaya muku ciwon mota. Shekaranjiya ina zaune a kan bencin nan aka kawo wata ƙaramar mota mai tobo, tana tofar da sandar awon mai, baƙin mai ya ɓata mata gindin injin kaca-kaca. Na'urarku ba ta ce uffan ba. Sai na ga ɗayanku, ba zan kama suna ba, ya ɗauko gam yana shafe bakin murfi kamar mai yaɓen ɗaki. Da na ce ya ajiye, ya yi mini irin kallon da ake yi wa tsoho in ya fara ruɗewa. To, ku matso ku ji. Na taɓa ganin an yi wa mota irin wannan gyaran, kuma waɗanda suka yi shi sun fi ku iya aiki nesa ba kusa ba.

A nan Gumel na koyi aiki, a hannun Baba Iro, lokacin duk ƙasar nan tana cikin Jihar Kano. Garejin nasa inuwar wata tsamiya ce kusa da tashar mota, sai rumfar zana da wani akwatin ƙarfe mai kwaɗo. A cikin akwatin akwai sifanu, wasu na motocin Ingila, wasu na motocin Faransa da ke shigowa ta Maigatari, in ka haɗa su wuri ɗaya ka sha zagi. Akwai filaya, da guduma, da sukundireba wadda aka sake wa mariƙi da itace, da ƙwarya cike da kusoshin da muke tsinta a bakin hanya. Sauran kayan aikin ba a kanti ake samunsu ba: tsohon tiyub da muke yankawa siri-siri, da sabulu, da ƙaro, da kwalin da muke yanka gaskit da shi.

Aikin da na fara sa wa hannu tankin fetur ne na wata a-kori-kura mai dakon gyaɗa. Ya tsage a ƙasa, direban yana ta salati yana tarar mai da kwano. Baba Iro bai ko tashi daga kan tabarma ba. Ya sa na jiƙa sabulu na cuɗa shi da auduga har ya yi danƙo, na danna a cikin tsagar, na shafe da babban yatsa. Motar nan ta yi kakar bana ta yi ta baɗi da wannan sabulun. Lagireto in yana yoyo, taba gari muke zuba masa. Bututu in ya fashe, mu naɗe shi da tiyub. Karatun Baba ke nan gaba ɗaya: mota kamar tulu take, duk inda ka ga danshi to akwai ɓaraka, kuma aikin bakanike shi ne ya toshe ta.

Yana da wata al'ada da muke kira gwajin rairayi. In an gama gyara sai a share wuri, a ɗebo farin rairayi mai tsabta a shimfiɗa, a turo motar a kai, a tayar da ita har ta yi zafi, sannan a kashe a bar ta ta kwana. Da safe, kafin ya amsa gaisuwar kowa, Baba zai durƙusa ya leƙa. Ɗigo ɗaya in ya gani, ko da bai fi ƙwayar gero ba, to aiki bai ƙare ba, komai saurin mai mota. A Kano ya koyo wannan wurin maigidansa, kuma ba shi kaɗai ba ne. Abokan koyonsa sun warwatsu, akwai ɗaya a Maigatari, akwai wani a Gagarawa, kowanne da rairayinsa, kowanne yana so a ce nasa ya fi bushewa. Direbobi kuwa suna alfahari da abin. Za ka ji mutum a tasha yana cewa motarsa ta kwana a rairayin Iro, kamar wanda ya ci jarrabawa.

A shekarar babban farin nan ne abin ya faru, ba da daɗewa ba bayan an koma kashe naira. Ni a lokacin na yi aure, na kusa samun sallama, Baba yana barina in buɗe injin ni kaɗai. Sai dai babu injin da za a buɗe. Gero ya bushe tun yana iya gwiwa, motocin gyaɗa suka daina zuwa, muka koma zaman kallon hanya. Abin da ke wucewa sai motocin fatu, saboda dabbobi suna ta mutuwa, da mutanen arewa da jakunansu suna gangarowa kudu, ba su ma san inda za su tsaya ba. Wani yini ko sifana ba ma fitarwa daga akwati.

Wata Juma'a da hantsi, washegarin kasuwar Maigatari, wata gingimari mai bodin katako ta shigo tasha babu kaya, tana hayaƙi, tana zubar da mai a bayanta kamar an ja layi. Direbanta Mamman, mutumin Damagaram ne, gajere mai yawan magana, motar ma kamiyo yake ce mata. Tare da shi wani dogon dattijo ya sauko, da malafa da sanda, aka ce Ardo Buba ne daga yamma da Sule Tankarkar. Shi ne ya ɗauko hayar motar. Shanunsa da suka rage suna can bakin wata rijiya, sun rame har ba sa iya tafiya, wasu sai an kama wutsiya an ɗaga su da safe. Ƙanensa ya aiko cewa ya sami fadama mai ciyawa can kudu da Gagarawa, in dai za a iya kai su. Da ƙafa ba za su kai ba. Sauran manyan motoci duk an kwashe su suna dakon hatsin taimako, bijimin da Ardo ya bayar ladan mota kuwa mahauta sun riga sun rataye shi a Maigatari. Ko wannan motar ta tashi, ko shanun su ƙare a inda suke.

Da na ɗaga bonet sai na tsaya. Injin gas ne, mun saba da irinsa, amma a gefensa akwai wani ƙarfe a naɗe kamar katantanwa, ɓangare ɗaya manne da bututun hayaƙi, ɗaya kuma da bututun iska. In an taka totur sai ya riƙa feɗuwa. Shi ne abin da kuke kira tobo yanzu. Mu ba mu taɓa ganinsa ba, ba mu san sunansa ba, sai muka sa masa Katantanwa. Baba Iro ya zagaya ta nan, ya zagaya ta can, ya ƙwanƙwasa shi da sifana, ya tambayi Mamman amfaninsa. Mamman ya ce Baturen da ya fara kawo motar ya ce yana ƙara ƙarfi, iyakar abin da ya sani ke nan, kuma ko gazuwal, wato man gas, ba ya shiga cikinsa. Ƙarfen da ba ya shan mai amma yana ƙara ƙarfi, tun a nan kanmu ya fara ɗaurewa.

Mamman ya ba mu tarihin ciwon. Motar lafiya lau take, in ji shi, sai ɗan ɗigon mai da take yi in ta tsaya. A wata shigowa da ya yi can baya ya bar ta a garejin Maigatari ya tafi kasuwa, da ya dawo aka nuna masa rairayi fes. Bai kai ko'ina ba sai sandar awon mai ta fara tsalle tana fita daga raminta. A Gagarawa aka ɗaure sandar da tiyub, aka ƙara wa murfin zuba mai roba, nan ma rairayi fes. Daga nan sai mai ya ɓalle ta murfin saman injin. Shi ya sa ya kawo ta wurin wanda aka ce ya fi kowa. Baba ya gyara zaman hularsa, ya ce wa Ardo ya sami wuri ya zauna, aikin yini ɗaya ne.

Gaskit ɗin murfin sama ni na yanka shi. Na ɗora kwali a kan murfin, na bi gefensa da ƙaramar guduma ina bubbugawa har ya fita daidai, na shafa masa ƙaro, na ɗaure kusoshi bi da bi. Ko yau in na tuna aikin nan ina jin daɗinsa. Da safe Baba ya durƙusa. Saman injin a bushe ƙayau, amma a rairayi ga baƙin tabo kamar faɗin faifai, can gaba, inda jiya babu komai. Sil ɗin gaba ne ya saki, wato zoben robar da ke tare mai a gaban injin. Babu irinsa a Gumel, sai muka je wurin dukawa suka yanko mana fata mai kauri, muka jiƙa ta a mai, muka zauna da ita muka danna. Washegari gaba ya bushe, baya ya jiƙe.

Haka muka yi ta yi. Mu toshe nan, ya ɓullo can, kuma kullum sabon wurin ya fi na jiya zuba. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne, duk ranar da aikinmu ya fi kyau, ranar ce motar ta fi lalacewa. Ga shi kuma ta fara fitar da shuɗin hayaƙi ta salansa. Baba ya ce zoben fistin ne, sai kuma ya janye maganarsa, don injin da zobensa ya mutu ba ya tashi bugu ɗaya, wannan motar kuwa kafin ka saki makulli ta kama. Muka kwance Katantanwa muka tarar da mai a cikinta ta ko'ina. Muka wanke ta da kananzir, muka busa bututun da ke mayar da mai daga cikinta zuwa kaskon ƙasa, iska tana wucewa sarai. Baba ya ce a cire ta gaba ɗaya a jefar, Mamman ya rantse sai dai shi kansa a cire a jefar. Masu zaman tasha su ma suka kawo tasu gudummawar. Wani ya ce man Faransa ne bai jitu da na Ingila ba. Wani ya ce motar da ke feɗuwa da rana tsaka ai ba ita kaɗai ba ce, a nemo malami. Har rubutu aka yayyafa mata, Baba bai hana ba, don shi ma ba shi da abin da ya fi wannan.

Ardo Buba yana zaune a gindin tsamiya duk tsawon wannan lokaci, sandarsa a kan cinya. Ba ya tambaya, ba ya gaggauta kowa. In an kawo tuwo ya ɗan taɓa ya ture. Duk wanda ya zo daga wajen Sule Tankarkar sai ya tsuguna kusa da shi su yi magana da Fillanci ƙasa-ƙasa, mutumin ya tashi, Ardo ya ci gaba da kallon motar. Ba ma jin abin da ake cewa, amma mun san ba albishir ba ne. Ni dai na daina bi ta gabansa, in zan ɗauko ruwa sai in zagaya ta bayan rumfa, saboda kunya nake ji.

Wata la'asar Ardo ya taso da kansa ya zo inda Baba yake wanke hannu.

"Malam Iro," ya ce, "ni ban san ƙarfe ba. Gaya mini gaskiya. In tashi in koma in sa musu wuƙa tun da sauran nama a jikinsu, ko in jira?"

Baba ya daɗe yana murza toka a hannunsa, sannan ya ce, "Ka jira, Ardo. Saura wuri ɗaya. Gobe in Allah ya yarda."

Ba ƙarya ya yi masa ba. A iya saninmu saura wuri ɗaya ne, kuma mun toshe shi. Washegari Baba ya durƙusa, ya daɗe a durƙushe, ya miƙe yana murmushi. Rairayi fari tas, babu ko ɗigo. Duk da haka ya ce za mu raka su har rugar Ardo, mu ga yadda za ta yi da kaya. Shi da Ardo suka shiga gaba tare da Mamman, ni na tsaya a kan matakalar ƙofa na riƙe ƙarfen madubi, akwatin kayan aiki yana baya.

Mun kusa Ɗanzomo ke nan sai injin ya ɗauki kuka shi kaɗai. Na leƙa ta taga na ga Mamman ya ɗage ƙafa daga totur, amma kukan sai ƙaruwa yake. Ya ja wayar kashe injin har ta kusa tsinkewa, motar ba ta mutu ba. Ya zare makulli ya ɗaga shi sama yana nuna wa Baba, kamar Baba ne zai yi masa bayani. Na waiwaya baya ban ga hanya ba, hayaƙi ya rufe komai. Allah ya sa Mamman direba ne na gaske. Ya bar ta a babbar giya, ya miƙe tsaye a kan birki, ya karkatar da ita cikin yashi mai zurfi. Ta yi tsalle, ta girgiza, ta mutu. Ni kuwa na tsinci kaina a cikin wata sabara, takalmi ɗaya a ƙafa.

Muka tsaya muna kallon motar. Mota an rufe mata man gas, an zare makulli, tana gudu. Me take sha? Da ta huce muka kwance bututun da ya taso daga Katantanwa zuwa injin, sai ga baƙin mai yana kwarara daga cikinsa. Ashe man jikinta take sha. Yadda aka yi ya hau can kuwa, babu wanda ya sani a cikinmu. Muka tsiyaye bututun, muka goge shi da tsumma, muka mayar. Man kasko ya yi ƙasa sosai, na buɗe murfi na ƙara daga galan ɗin Mamman. Baba ya ce kada in rufe tukuna, yana so ya ga ko mai yana hawowa sama. Mamman ya sa giya, ya taka kuloci, ya ɗora ƙafa a kan birki saboda tsoro, sannan ya tayar.

Ina sunkuye a kan ramin zuba mai sai na ji iska mai zafi ta bugi fuskata, fuf, fuf, fuf, kamar zugazugin maƙeri. Na kira Baba ya sa tafin hannu, ya janye, ya sake sawa. Muka bar ta tana aiki a haka. Can sai Mamman ya leƙo ya ce hayaƙin salansa yana raguwa. Na duba gefen kasko inda mai ya fara tsattsafowa a hanya, na goge, bai dawo ba. Baba ya ce in rufe murfin. Na rufe. Ba a jima ba tiyub ɗin da aka ɗaure sandar awo da shi ya fara miƙewa, gefen kasko ya yi danshi. Ya ce in buɗe. Na buɗe, danshin ya tsaya. Muka yi ta buɗewa muna rufewa a bakin hanya kamar masu wasa, Ardo yana tsaye yana kallonmu. An bar rami a buɗe yoyo ya tsaya, an rufe ya dawo. Duk abin da aka koya mini ya juye a kaina.

Baba ya zauna a kan yashi, abin da ban taɓa ganin ya yi ba a gaban mai mota. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Iskar nan a ciki ake yin ta. To kafin mu taɓa motar nan, ta ina take fita?"

Na shiga ƙarƙashi na kwanta rigingine ina bin bututu ɗaya bayan ɗaya da hannu. A gefen injin akwai wani da ya gangaro ƙasa ya tsaya haka nan, bai haɗu da komai ba. Duk mun gan shi tun ranar farko, ba wanda ya kula shi, saboda shi kaɗai ne wuri busasshe a jikin injin nan. Na zura waya a bakinsa, ta shiga kamar tsawon yatsa ta tsaya. Muka kwance shi, Baba ya sa dogon ƙarfe ta sama ya buga. Sai ga wani turke na icen aduwa ya faɗo, an fere shi sumul daidai bakin bututun, an naɗe shi da tiyub, an shafe da sabulu, an tura shi can ciki yadda ido ba zai gani ba. Baba ya ɗauka yana jujjuya shi. Na zaci zagi zai yi. Sai ya ce wanda ya fere wannan ya iya aiki, kuma ya san hannun, a benci ɗaya suka koya. Ya ƙara da cewa da shi aka fara kawo wa motar tana ɗiga ta nan, abin da zai yi ke nan.

Bayanin abin sai daga baya na haɗa shi, a hankali, wani daga bakin direbobin tirela, wani daga injinan da na buɗe. Kowane injin, komai lafiyarsa, in wuta ta tashi a kan fistin, akwai ɗan hayaƙin da ke kuɓucewa ta gefen zobe ya gangara cikin kaskon mai. Mai tobo ya fi yi, don ana cusa masa iska da ƙarfi. Hayaƙin nan dole ya sami ƙofa. Tsofaffin motocin da muka saba da su ta murfin zuba mai suke fitar da shi, murfin yana da 'yan huji da raga a ciki. Mun sha wanke ragar nan da fetur, a zatonmu rariya ce kawai ta hana datti shiga. Wannan kuwa murfinta a rufe yake ruf, ƙofarta ita ce bututun nan, kuma ɗigon da yake yi ba ciwo ba ne, haka aka ƙera shi. In ka toshe shi, kamar ka ɗaure murfin tukunya ne tana kan wuta, sai ta nemi inda ya fi rauni. Man da ke shiga tobo kuma da nauyinsa yake gangarowa kasko. In kasko ya cika da iska ba zai sauko ba, sai ya malala cikin bututun iska, injin ya sha abinsa. Saboda haka in kuka ga mota mai tobo tana tofar da sandar awo, ku fara neman inda take numfashi, ko bututu ne ya toshe, ko 'yar bawul ɗin da ke kansa ta maƙale, kafin ku taɓa gaskit ko ɗaya. In hanyar a buɗe take kuma iskar ta yi yawa, sannan ku yi maganar zobe.

A bakin hanyar nan dai ba mu san duk wannan ba. Mun ga yana aiki ne kawai. A saman bututun akwai wata 'yar raga da ta daskare da baƙin mai, na wanke ta da kananzir muka mayar. Baba ya yanke tiyub ɗin da ke kan sandar awo da hannunsa. Aka tayar, bututu ya fara huci, can sai ga ɗigo ya faɗo a kan yashi. Na ga fuskar Baba ta canza, hannunsa har ya kai aljihun da sabulu yake. Bai iya barin abin haka ba. Ya aike ni cikin Ɗanzomo na samo gwangwanin madara, ya huda gefensa ta sama don iska ta wuce, ya cusa ragar waya a ciki, ya rataye shi a bakin bututun. Iska tana fita, mai yana taruwa a gwangwani, ƙasa a bushe. Ya gargaɗi Mamman ya riƙa zubar da shi duk safiya, Mamman ya ce ko wanka ake so ya yi masa zai yi.

Daga nan har Sule Tankarkar motar ba ta yi ko tari ba. Muka bar babbar hanya muka bi burtali, Ardo yana nuna wa Mamman hanya da sanda. Tun kafin mu hango rijiyar muka fara jin warin, sannan muka ga ungulaye. Mutanen rugar sun riga sun haƙa gangare tun ranar da aka ce mota tana zuwa, har iska ta fara cike shi, sai da muka sake kwashe yashin. Mamman ya shiga da baya har bodi ya yi daidai da ƙasa.

Ardo bai gaisa da kowa ba, ya wuce cikin shanun. Yana taɓa wannan, yana kiran waccan da sunanta. Waɗanda ke iya tsayuwa aka jawo su a hankali. Waɗanda ba sa iyawa muka zura musu itace a ƙarƙashin ciki, mu da mazan rugar, muka ɗaga. Ban taɓa sanin saniya za ta iya yin rashin nauyi haka ba. Bayan shanu aka loda ƙorai da tabarmi da turmi, mata suka hau da 'ya'yansu. Na tsaya riƙe da ƙofar bodi ina jiran a kawo saura, ba wanda ya motsa.

Mamman ya zagayo yana goge hannu, ransa fari saboda motarsa ta warke. Ya ce wa Ardo tunda a Maigatari sawu biyu suka yi magana, shi ba zai kwana a kudu ba, yana saukewa zai juyo, a shirya masa ragowar kafin hantsi.

Ardo ya dubi cikin motar, ya dubi bakin rijiya.

"Ba sai ka dawo ba, ɗana," ya ce. "Su ke nan."

Bai shiga gaba ba. Ya hau baya ya zauna a ƙasan bodi, ya ɗora kan wata jar saniya a cinyarsa don kada katako ya buge ta a hanya. Baba Iro ya buɗe ƙofar gaba, ya tsaya, ya mayar ya rufe. Ni da shi a baya muka hau har Gumel, da akwatin kayan aikinmu, muka miƙe ƙafafu, don akwai wuri.